Babi na Biyar: Bakin Da Ya Cancanci Ya Ce Ƙaddara

Da asuba ta rasu, kafin hantsi har an kai ta makwancinta. 'Yar ƙanwar mahaifiyata ce, haihuwarta ta uku ke nan, shekarunta kuwa ba su kai 30 ba. Naƙuda ta taso mata tun bayan Magariba, amma maigidan yana kan hanyar dawowa daga kasuwar ƙauye, wayarsa ba ta shiga, kuma babu wanda ya yarda ya ɗauki nauyin fita da matar mutum ba da izninsa ba. Sai wajen ƙarfe 11 na dare aka samo a-daidaita-sahu. Ta sauka lafiya a asibiti, daga nan jini ya ɓalle. Aka ce a nemo jini. Masu bayarwa har mutum huɗu suna tsaye sun naɗe hannun riga, amma ɗakin gwaji a kulle, mai makullin wai ya ɗan fita. Likitan da ke da aikin daren aka yi ta kiran wayarsa, tana ƙara ba a ɗauka. Ma'aikaciyar jinya ɗaya tal ce ta yi ta fama, tana haska fitilar waya, har aka kira assalatu.

A zaman makoki na ji kalmar ƙaddara daga bakuna biyu, kuma tun ranar ban daina juya su a raina ba.

Na farko bakin Inna ne, uwar mamaciyar. Na durƙusa gabanta na ce, "Inna, ya haƙuri?" Ta ɗago idanunta da suka kumbura ta ce, "Da godiya. Wanda ya ba ni ita Shi ya karɓi abinSa. Ƙaddararta ke nan, ko a ɗakina take ba za ta ƙara minti ɗaya ba." Tana faɗa tana jijjiga jaririyar da aka bari. Ban taɓa jin wata magana mai nauyi irin wannan ba, kuma na san ita ce ta riƙe Inna ba ta zauce ba.

Na biyu bakin wani babba ne daga asibitin, wanda ya zo ta'aziyya rana ta uku saboda akwai sanayya tsakaninsa da maigidan. Bayan an shafa fatiha na matsa kusa da shi, na tambaye shi cikin ladabi ina likita ya shiga a daren. Ya gyara zaman hularsa ya ce, "Malam, ai haƙuri za a yi. Kwananta ne ya ƙare. Ƙaddara ta riga fata." Zan ƙara magana Kawu ya daka min tsawa: "Kai ɗan nan, da ikon Allah kake ja? Za ka dawo da ita ne?" Na yi shiru, aka ci gaba da raba gumba.

Kalma ɗaya ce, kuma a zahiri dukansu biyu gaskiya suka faɗa. Babu Musulmin da zai ce ta mutu kafin ajalinta. To me ya sa a bakin Inna ta yi ƙamshi, a bakin mutumin nan ta yi ɗoyi?

Wannan tambaya ta girmi kakannin kakanninmu. Duk yaron da ya yi Islamiyya ya haddace hadisi na biyu a Arba'una Hadisan, inda Mala'ika Jibrilu ya zo a siffar mutum yana tambaya kan Musulunci da imani, aka lissafa yarda da ƙaddara, mai daɗi da maras daɗi, a cikin shika-shikan imani shida. Abin da ba a cika gaya wa yara ba shi ne dalilin da ya sa aka ruwaito hadisin a Sahihu Muslim. Wani mutum ne a Basra, Ma'abad al-Juhani, ya fara cewa babu wata ƙaddara da ta gabata, al'amura sabbi suke faruwa. Mutum biyu daga Basra suka je aikin Hajji ko Umara, suka tare Abdullahi ɗan Umar suka kai masa ƙara, shi ne ya barranta daga masu wannan ra'ayi ya kuma karanto musu hadisin daga mahaifinsa. Wato sahabbai suna raye aka fara wannan gardama.

Kuma ba gardamar zaure ce kawai ba, da siyasa a gindinta. Zamanin Banu Umayya ne, kuma masu mulki sun gano cewa akidar "haka Allah Ya so" riga ce mai daɗin sawa ga wanda ke kan gado. In Allah ne Ya ɗora ni, kuma duk abin da na yi da nufinSa na yi, wane ne kai da za ka tuhume ni? Waɗanda suka ƙi wannan suka ce a'a, mutum shi ke ƙirƙirar aikinsa, azzalumi shi ya zaɓi zalunci. Aka kira su Ƙadariyya. An kashe Ma'abad wajen shekara ta 80 bayan Hijira, aka kashe Gailan na Dimashƙa a zamanin Halifa Hisham ɗan Abdulmalik. A ɗaya ɓangaren kuma ga Jahm ɗan Safwan, wanda aka kashe a 746 Miladiyya, da mabiyansa Jabariyya, masu ganin ɗan Adam kamar tsinke ne a bakin ruwa: ana cewa ya yi ne kawai kamar yadda ake cewa rana ta fito ko ganye ya faɗi.

Akidar da ta iso ƙasar Hausa ta cikin Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani da littattafan tauhidin Shehu Sanusi na Tilimsan ta bi ta tsakiya ce. Abul Hasan al-Ash'ari, wanda ya rasu a 324 bayan Hijira, ya yi shekaru cikin ƙungiyar Mu'utazila kafin ya fita ya kawo bayanin da ake kira kasabu: Allah ke halittar aiki, bawa ke tsiwirwirinsa, kuma a kan wannan tsiwirwiri ake ba shi lada ko a kama shi. Ba zan ɓoye ba, bayanin yana da santsi, har Larabawa kan buga misali da shi in abu ya cika wuyar kamawa. Amma malamai suna da wani misali da ko yaro zai gane. Mai zazzaɓin cizon sauro jikinsa yana karkarwa, ba shi ya so ba, ba kuma zai iya hanawa ba. Mutumin da ya ɗaga hannu ya mari matarsa shi ma hannunsa motsi ya yi. Dukansu da ikon Allah hannun ya motsa, amma kowa ya san a cikin ransa cewa motsin ba iri ɗaya ba ne. Ba sai an buɗe littafi ba.

Mu ma mun sani, muna dai yin kamar ba mu sani ba ne in abin ya zo kanmu. Yaro ya shigo ya ce, "Umma, kofi ya fashe." Uwa ba ta taɓa karɓar wannan. "Shi ya fasa kansa?" Harshenmu ya tanadi hanyar da mutum zai zare kansa daga aiki: kofi ya fashe, kuɗi sun salwanta, mota ta ƙwace, burki ya shanye. Uwa kuwa takan mayar da mai aikin cikin jimla da ƙarfin tsiya, wani lokaci har da ranƙwashi. Je Kantin Kwari ka ga attajirin da ke da tabon sallah a goshi, carbi ba ya barin hannunsa. Kwaɗo uku yake datse shagonsa da su, ga maigadi, ga littafin lissafi. Ranar da yaron shago ya ce dila ɗaya ta atamfa ta ɓace, ƙaddara ce, ranar zai kwana a wurin 'yan sanda. Wannan attajirin kuma shi ne zai zauna a gidan gaba na mota direba yana gudu kamar zai tashi sama, wani fasinja ya ce a rage, ya juyo ya ce, "Haba, in da sauran kwana ai ba abin da zai faru." A kan dukiya mun yarda da sababi. In an zo kan rai ne, ko kan masu mulki, muke zama almajiran Jahm ba tare da mun taɓa jin sunansa ba.

Akwai labarin da ya kamata a ce kowane direba da kowane shugaban asibiti ya san shi. Tsakanin shekara ta 17 da ta 18 bayan Hijira annoba ta ɓarke a ƙasar Sham, wadda ake kira annobar Amwas. Halifa Umar ɗan Haɗɗabi ya taso daga Madina, ya iso wani wuri da ake kira Sarg, kwamandojin yaƙi suka tare shi da labari. Bai yanke hukunci nan take ba. Ya tara Muhajirai na farko, suka rabu biyu. Ya tara mutanen Madina, su ma suka rabu. Ya kira dattawan Ƙuraishawa, su kam bakinsu ya zo ɗaya cewa a koma. Da ya ba da umarnin juyawa, Abu Ubaida ɗan Jarrah, mutumin da aka yi wa bushara da Aljanna tun yana raye, ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah zai yi. Umar ya nuna masa bai so tambayar ta fito daga bakinsa ba, sannan ya amsa cewa lallai gudu ne, amma daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Ya buga masa misali da makiyayin da ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya da ɗanyar ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe: duk gefen da ya kora raƙumansa, ai da ƙaddara ya kora su. Ana cikin haka Abdurrahman ɗan Aufu ya iso, ya ce ya ji Annabi (SAW) ya hana shiga garin da annoba take, ya kuma hana wanda ke ciki fita. Umar ya yi hamdala ya juya.

Dubi misalin makiyayin da kyau. Umar bai ce tunda komai rubutacce ne duk gefen da aka bi daidai ne ba. Makiyayin da ya bar ciyawa ya kai dabbobi fako, da ƙaddara ya kai su, amma wawa ne, kuma mai dabbobin zai sallame shi. Abu Ubaida ya koma cikin rundunarsa ya rasu a annobar, haka Mu'azu ɗan Jabal da ya gaje shi. Da jagoranci ya koma hannun Amru ɗan As, sai ya umarci mutane su warwatsu cikin duwatsu, cutar ta lafa. Shi kuwa Umar da ya tsere wa annoba, bayan 'yan shekaru, a 644 Miladiyya, aka soke shi da wuƙa yana limancin sallar Asuba. Ajalinsa na nan yana jiransa a Madina. Wannan bai sa komawarsa daga Sarg ta zama kuskure ba.

Wanda ya fi kowa sanin Allah ma haka ya yi. A hijirar 622, Madina tana arewa, Annabi (SAW) ya fara nufar kudu ya ɓuya kwana uku a kogon Sauru. An tanadi raƙuma biyu tun da wuri. Asma'u na kai abinci, ɗan'uwanta Abdullahi na kawo labarin abin da ake ƙullawa a Makka, Amiru ɗan Fuhaira na koro tumaki su shafe sawu. Ɗan jagoran da aka ɗauka haya, Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ, ba Musulmi ba ne a lokacin, an ɗauke shi ne don ya san hanya. A Uhudu sulke biyu ya sa. Mutumin da wahayi ke sauko wa ke nan.

Kakana manomi ne, bai yi zurfi a karatu ba, amma a wurinsa na fara ganin abin da ake kira tawakkali. In bazara ta yi nisa, hadari ya fara haɗuwa a gabas yana watsewa, yakan ɗauki sungumi mu bi shi da ƙwaryar iri mu yi binne. Ƙasa a bushe ƙurmus, yana sara muna jefa gero muna takewa da diddige. In ruwa ya sauka da ƙarfi cikin kwanakin, gonarsa ta riga ta kowa tsiro. In yayyafi aka yi ya ɗauke, irin ya ruɓe, sai a sake. Shi ya sa ba ya taɓa binne irinsa duka, yakan ɗaure rabi a rataye a rumbu. In mun gama sai ya karkaɗe hannu ya dubi sama ya ce, "To, mun yi namu." Shekarar da fari ya cinye gonar ban ji ya yi ƙorafi ba ko sau ɗaya. Amma ranar da ɗansa ya yi barci ya bar awaki suka shiga gonar wake, bai ce ƙaddara ba, tsumagiya ya karyo.

A nan ne malamai suka ja layi, kuma sun samo shi daga hadisin muhawarar Annabi Adamu da Annabi Musa: ana kafa hujja da ƙaddara a kan musiba, ba a kafa ta a kan laifi. Wanda abu ya faɗa wa, ya riga ya wuce, ba shi da yadda zai yi, ƙaddara ce mafakarsa. Ita ke hana shi zama yana cin kansa da "da na sani", wadda Hausawa suka ce ƙeya ce. Wanda kuwa aka ba amana ya yi sakaci, abin da ke kansa shi ne ya amsa laifi, ya tuba, ya biya abin da shari'a ta ɗora masa. Ai shi ya sa Musulunci ya wajabta diyya da kaffara a kisan kuskure. Da "kwanansa ne ya ƙare" tana wanke mutum, da ba a saukar da wannan hukunci ba, don duk wanda aka kashe bisa kuskure kwanansa ne ya ƙare.

A ranar 30 ga Nuwamba 2021 wani kwalekwale ya taso daga ƙauyen Badau zuwa Bagwai a Jihar Kano, akasarin waɗanda ke ciki 'yan makarantar Islamiyya ne za su Mauludi. Ya kife, aka tsamo gawa 29. Lodi ne ya wuce kima. Iyayen yaran nan suna da cikakken haƙƙin su ce Allah Ya karɓi abinSa, kuma duk mai imani zai taya su faɗa. Amma wanda ya ga jirgi ya cika ya ce a ƙara, da wanda aikinsa ne ya sa ido a kan jiragen bai sa ba, da wanda ya kamata ya tanadi rigunan ruwa, waɗannan ba su da hurumin aron bakin iyayen. Haka madatsar Alau da ta ɓalle ta cinye Maiduguri a Satumbar 2024. Ruwa na Allah ne, ba wanda ya saukar da shi. Sai dai garin ya taɓa ganin irin wannan ambaliya a 1994, kuma shekara 30 sun isa a gyara bango. Mun saba: a zo jaje da buhunan shinkafa, a ce jarrabawa ce daga Allah, a kafa kwamiti. In zaɓe ya zo kuma a tuna mana cewa Allah ke ba da mulki ga wanda Ya so. Gaskiya ne. Fir'auna ma Shi Ya ba shi, kuma Shi Ya aiko Musa ya je ya faɗa masa gaskiya.

Batun shiriya ma an yi masa irin wannan riƙon. Za ka ji mutum ya ce, "Ai in Allah Ya shirye ni zan daina," kamar shiriya motar haya ce da yake jira a bakin titi. Malamai sun kasa ta biyu. Akwai ta nuni, wato a bayyana maka hanya, wannan an yi wa kowa. Akwai ta dacewa, wato zuciya ta karɓa, wannan a hannun Allah take, shi ya sa Annabi (SAW) bai iya ba baffansa Abu Ɗalib ita ba duk da son da yake masa. Amma wannan ta biyun roƙonta ake yi, kuma Musulmi yana roƙonta aƙalla sau 17 kowace rana a cikin Fatiha. Wanda ke jiran shiriya bai tashi ya yi alwala ba, ko roƙon bai fara ba. Istihara ma mun mai da ita wani abu daban. Raka'a biyu ce da addu'a, mai buƙata ke yi da kansa bayan ya yi bincike ya yi shawara, sannan ya sa ƙafa. Yau an mayar da ita kwangila: a ba malam kuɗin goro ya kwanta ya yi mafarki, a aurar da yarinya ga mutumin da ba a tambayi ko maƙwabcinsa ɗaya halinsa ba. In auren ya ɓaci a ce matar mutum kabarinsa, ta yi haƙuri, ƙaddararta ce.

Kada mai karatu ya ɗauka ina rena haƙuri. Na ga abin da ya yi wa Inna. Akwai abubuwan da ba sakacin kowa a ciki: ciwon da aka yi wa magani iya magani bai ji ba, haihuwar da aka nema shekara 20 ba ta zo ba, ɗan da aka yi wa tarbiyya ya fanɗare. A irin wannan wuri wanda bai da ƙaddara a zuciya ba shi da inda zai ajiye kayansa, sai ya dinga neman wanda zai ɗora wa, ko kishiya, ko maye, ko kansa. Yarda da ƙaddara kuma ba ta hana hawaye. Annabi (SAW) ya yi kuka ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu. Abin da na ƙi shi ne a karɓe wannan magani daga hannun majinyaci a miƙa wa wanda ya ji masa ciwo. Kawu ya yi gaskiya da ya ce tambayata ba za ta dawo da ita ba. Amma a daren da muke zaman ukun nan, wata matar tana kan hanyar asibitin a cikin a-daidaita-sahu, kuma makullin ɗakin gwaji yana aljihun mutumin da ba wanda ya tambaye shi ina ya je.

A daren na zauna na rubuta takardar koke shafi biyu zuwa ga hukumar da ke kula da asibitocin jiha, da lokaci da komai. Da safe na nuna wa Kawu, ya ce in na kai ta ba shi ba ni, za a ce danginmu ba su da tawakkali. Inna ta ce, "Ka bar su da Allah." Na ninke ta na sa a jaka. Jaririyar yanzu tana aji biyu a firamare, sunan uwarta aka mayar mata, takardar kuma tana nan a jakar, tawadar har ta fara dusashewa. Ba ƙaddara ce ta hana ni kaiwa ba, tsoron bakin dangi ne. Mai karatu, in irin wannan ta same ka, Allah Ya kiyaye, ka yi haƙuri irin na Inna, amma ka kai taka takardar.